Kakana Zai Ba da Ƙwaƙwalwarsa, Mahaifiyata Kuma Tana da Ciki

Zuwa ga Anti Morayo,

Don Allah ki taimake ni. Kuma idan za ki yi dariya, ki yi ta ki gama kafin ki ba ni amsa, domin ƙawata da na fara gaya wa maganar nan dariya ce ta hana ta jin ƙarshenta, har malama ta kore mu daga ɗakin karatu. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a nan Ibadan, shekarata goma sha shida. Ki kira ni Abeke. Ba sunana ba ne, amma dole in ari wani, saboda da sunana ake kiran mahaifiyata, in na faɗi nawa na tona mata asiri.

Muna zaune a gidan kakana na wajen uba, ni da iyayena da shi Baba Agba. Ya haura tamanin. Raba wasiƙu ya yi a gidan waya har ya ajiye aiki, tun zamanin da rabin gidajen garin nan ba su da lamba, sai dai a rubuta a bayan ambulan cewa gidan da ke bayan mai sayar da manja, a tambayi uwar tagwaye. Ya ce bai taɓa mayar da wasiƙa ofis ba. Har yau in kika ambaci unguwa zai jero miki gidajenta, da wanda ya auri wa, da gidan da karensu ya taɓa yaga masa wando. Yana ji da ƙwaƙwalwarsa kamar yadda wasu suke ji da sabuwar mota.

Kakata Iya Agba ta rasu shekara biyu da suka wuce, bayan ta daɗe tana fama da ciwon mantuwa. Da farko gishiri take sa wa miya sau biyu. Daga nan ta manta hanyar coci, sai sunayenmu, a ƙarshe ta manta Baba Agba kansa. Kullum da safe in ya shiga ɗakinta sai ta gyara ɗankwali, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Bawan Allah, zauna, amma kada ka daɗe. Maigidana ya kusa dawowa daga aiki, kuma mutum ne mai kishi." Shi kuma sai ya zauna ya ce, "To, uwargida, wane irin mutum ne shi?" Sai ta yi ta ba shi labarin kansa. Wata rana ta yabe shi, wata rana ta ce marowaci ne, ga munshari. Muna dariya a lokacin, shi ma yana yi. Amma na sha ganinsa in ya fito, ya tsaya a bakin rijiya da guga a hannu ya daɗe bai jefa ba.

Watannin baya ya ji wata likita a rediyo tana cewa a babban asibitin koyarwa akwai masu binciken irin wannan ciwo, kuma ba za su gane shi sosai ba sai sun duba ƙwaƙwalwar mutane bayan sun rasu, ta masu ciwon da ta masu lafiya, a kwatanta. Ya kashe rediyo ya ce in ɗauko masa hularsa in raka shi. Likitar ta karɓe mu da mutunci. Ta ce ba a taɓa mutum sai bayan ya cika, ba a biyan kowa komai, fuska ba ta canzawa, kuma mutum zai iya fasawa duk ranar da ya ga dama. Baba Agba ya ce mata, "'Yata, ɓarawo ya shiga gidana ya kwashe matata kaɗan-kaɗan ina kallo, aka binne shi tare da ita ba wanda ya ga fuskarsa. Tata ta wuce. Ga tawa lafiyayya, ku ajiye ta kusa da ta marasa lafiya ku ga abin da ya ɓace. Sai dai ku tanadi babban mazubi."

Amma likitar ta ce sa hannunsa kaɗai bai isa ba. Sai iyali sun yarda, domin ranar da abin ya faru su ne za su kira asibiti, kuma da wuri, in aka yi jinkiri ƙwaƙwalwar ba ta da sauran amfani. Ta ba mu lambar da za a kira, na sa a wayata.

Ranar Lahadi bayan coci, muna cin tuwon amala, Baba Agba ya sanar da gida. Anti, a nan matsalar take. Mahaifiyata tana da ciki, ya tsufa, kuma tun da aka haife ni ba ta sake haihuwa ba sai yanzu. Hoton asibiti ya nuna namiji ne. Kin dai san yadda ake cewa a wurinmu, in tsoho ya rasu aka haifi namiji a gidan bayansa, to shi ne ya dawo, a sa wa yaro Babatunde, wato baba ya dawo. Mama ta saki ludayi a tukunya. Ta ce, "Baba, me kuka ce za ku bayar?" Ya maimaita. Ta dafe ciki ta ce, "Wato ku tafi can ba ƙwaƙwalwa, ku juyo ku shigo cikina haka fanko? Ni zan haifi yaron da zai yi ta maimaita aji ɗaya har ya fitar da gemu?" Baba Agba ya ce, "Amaryarmu, wa ya ce miki yanzu zan tafi? Ƙara mini miya."

Mamata 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce, kuma na sha jin ta a bikin sunan 'ya'yan wasu tana cewa wannan zance na mutanen da ne. Na tuna mata a hankali. Ta ce na wasu daban, nata daban. Na ɗauko littafina na ilimin halittu na nuna mata cewa ƙwaƙwalwar jariri tun watannin farko take fara haɗuwa, wato ƙanena ya riga ya sami tasa. Ta rufe littafin ta ce ko don in koya mata haihuwa aka sa ni makaranta.

Daga nan ta yi nata lissafin. In har Baba Agba yana raye aka haifi yaron, to ba yadda za a yi ya zama shi ne. Saboda haka ta ɗaura ɗamarar hana shi mutuwa har ta sauka.

A da ba su cika shiri ba. Shi yana cewa miyarta ba yaji, ita tana cewa rediyonsa ya hana unguwa sakat. Yanzu kuwa ba wanda ya isa ya yi atishawa kusa da shi. Gishiri ya ɓace daga abincinsa, ganda ta ɓace, ɗan bammin da yake kurɓa ranar Asabar ya ɓace. Ta bi 'yan acaɓan layinmu ɗaya bayan ɗaya ta ja musu kunne, yanzu in ya ɗaga musu hannu sai su ƙara wuta. Ta hana shi sauraren ƙwallo saboda ƙungiyarsa ba ta cika ci ba. Ta hana shi zuwa jana'izar abokansa, wai kada ya ga yadda aka yi shagali abin ya ba shi sha'awa. In yana barcin rana sai ta turo ni in leƙa ko cikinsa yana motsi.

Baba Agba kuwa, kunya nake ji in faɗa, daɗin abin yake ji. In yana son farfesun kifi sai ya dafe ƙirji, ya kalli rufin ɗaki, ya ce, "Ina jin kamar ana kirana." Kafin ya sauke hannu Mama ta aike ni kasuwa. In ta zo wucewa sai ya gaishe da cikin, ya ce, "Maigida, kana nan? Riƙe mini wuri." Yanzu da faranti take kare cikinta in za ta gifta ta gabansa.

Har waya ta yi wa gwaggona da ke Abeokuta, 'yar Baba Agba ta fari, tana cewa ai uba zai fi sakewa in ta wajen 'yarsa ta cikinsa ya dawo. Gwaggo ta haura hamsin. Ina jin muryarta daga inda nake tana cewa, "Iya Abeke, ni na rufe shago tuntuni, ki ce masa ya nemi wani masauki." Ita abin da ya dame ta shi ne ranar da za a kwantar da shi jama'a su zo kallon ƙarshe, kada hularsa ta lotsa a gaban surukanta, bayan an yi anko an ɗauko masu kiɗa.

Mahaifina shagon buga katin biki gare shi. Tun da abin nan ya fara, aiki ya yi masa yawa ƙwarai. In Baba Agba ya tare shi sai ya ce, "Gaskiyarku, Baba." In Mama ta tare shi sai ya ce, "Gaskiyarki." Sai ya tuna akwai injin da bai kashe ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ki ba. Amma ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, Mama ta turo ni leƙen da na saba. Na tarar da Baba Agba a kujerarsa, kai ya karkace, baki a buɗe, rediyo ya faɗi ƙasa. Na kira shi bai amsa ba. Na ɗaga murya, shiru. Mama ta shigo ta kwarma ihu, maƙwabta suka cika ɗakin. Na ciro wayata, kuma gaskiya mahaifina zan kira. Mama ta fizge ta, ta ajiye a ƙasa, ta zauna a kai da cikinta da komai, tana cewa, "Ba mai taɓa kan surukina! Da kayansa cif zai tafi!" Ana cikin haka Baba Agba ya buɗe ido, ya zaro auduga daga kunnensa na dama, ya zaro ta hagu, ya dubi taron ya ce, "Wa ya mutu?" Ashe toshe kunne yake yi don ya huta da tambayar ko ya sha magani.

Maƙwabta suka yi ta dariya har da masu riƙe bango. Sai ga wayar ta fara ƙara a ƙarƙashin Mama, aka sake fashewa. Amma na lura shi bai yi dariya ba. Ya dubi inda ƙarar take fitowa, ya daɗe yana kallo.

Washegari ya kira ni, ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Abeke, na gani da idona. Ranar da abin zai zo da gaske, haka za a zauna a kan wayar nan, a binne ni da abin da na yi alkawari." Ya ce in yi masa alkawari ni zan kira asibiti, ko da a ɓoye ne, ko daga banɗaki. Na durƙusa na ce to. Ban taɓa iya ce masa a'a ba.

Da yamma na shiga kicin na sami Mama tana tsince wake tana kuka, irin kukan da ba sauti. Ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Bayan ni ta yi ɓari, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk lokutan da aka ce mini zazzaɓi ne ya kwantar da ita a asibiti, ashe wannan ne. Ta ce wannan karon ne kaɗai ciki ya kai haka, kuma ko ƙuda ba ta son ya gifta masa. Ta riƙe hannuwana ta ce in goge lambar, in kuma lallashi Baba Agba ya janye, tunda yana jin maganata. Ita ma na ce mata to.

Yanzu Baba Agba ya kira taron dangi ƙarshen watan nan. Ya gaya wa kowa cewa 'yar bokonsa ce za ta tashi ta yi bayani. Mama kuma tana jiran in tashi in ce abin da na gani a asibiti ya tsorata ni. Anti, ni ko a aji malami ya kira sunana muryata ɓacewa take yi, alhali ina sane da amsar. Ta yaya zan tsaya gaban baffannina?

A raina ina bayan Baba Agba. Ina son in karanta likitanci, kuma na ga abin da ciwon nan ya yi wa Iya Agba. Kwanan nan na ga mahaifina yana neman tabaransa alhali yana bisa kansa, sai da gabana ya faɗi. Amma in faɗa miki gaskiya, in na ɗora hannu a cikin Mama yaron ya motsa, wani abu yakan ce mini, to in fa maganarta gaskiya ce? Ni da na ci jarrabawar ilimin halittu.

Wanne alkawari zan cika? In kira a ɓoye na ci amanar mahaifiyata? In na goge lambar, da wane ido zan dubi kakana? Don Allah ki amsa kafin ƙarshen wata.

Taki,
Abeke, Ibadan

*

Abeke 'yata,

Na yi dariyar na gama, kamar yadda kika nema. Wajen audugar nan ne ta fi ƙarfina. Yanzu matso mu yi magana.

Bari in fara da abin da yake ce miki in fa gaskiya ne, tunda shi kika fi jin kunya. Kada ki ji. Ni ban zo in yi gardama da al'ada ba, ban kuma zo in tsaya mata ba, wannan tsakanin mutum ne da imaninsa. Amma ko tsofaffin da suka fi kowa riƙo da ita ba su taɓa cewa da tsohon jiki ake dawowa ba. Kakana ya bar yatsu uku a injin yanka katako. Ƙanena da aka haifa bayan rasuwarsa aka sa wa Babajide, sunan da shi ma yake nufin baba ya dawo, da yatsu goma ya zo, kuma duka goman na sha kamawa a tukunyar miya. Da da tsohon kaya ake dawowa, da kowane Babatunde da furfura za a haife shi, da ciwon gwiwa. Rashin haƙori ne kawai zan yarda sun yi kama. Sannan ki yi tunani, ƙwaƙwalwar da aka binne ma ba ta bin mai ita ko'ina. Ƙasa ce take cinye ta. Abin da kakanki yake nema kawai shi ne likita ya riga ƙasa.

To amma kada ki ɗauki wannan ki kai wa mahaifiyarki kamar amsar jarrabawa. Kin gwada da littafi kin ga yadda aka ƙare. Matar da ta shekara goma sha shida tana jira, ta sha rasa ciki tana ce wa 'yarta zazzaɓi ne, ba hujja take nema ba. Tsoro ne ya cika ta, ya rasa inda zai sauka, sai ya sami kan Baba Agba. Da ba wannan ba, da ya sami wani abin. Zaman da ta yi a kan wayarki abin dariya ne, amma abin da ya zaunar da ita ba abin dariya ba ne. Ki tausaya mata.

Kakanki kuma niyyarsa kyakkyawa ce, ina ma a sami irinsa da yawa. Masu binciken nan da gaske suna buƙatar ƙwaƙwalwar masu lafiya kamar yadda suke buƙatar ta marasa lafiya, kuma a ƙasarmu masu bayarwa kaɗan ne. Ba na ce gobe za a sami magani saboda shi ba, kada kowa ya yi miki wannan alkawari. Amma ba a gane cuta in kowa ya tafi da ita kabari a rufe. Inda ya yi kuskure shi ne wasan da yake yi da mai ciki. Farfesun kifi bai kai a riƙa tsinka zuciyar mace a watanninta na ƙarshe ba. Na tabbata bai san zurfin abin ba. Mutumin da ya iya zama kullum safiya ya saurari matarsa tana ba shi labarin kansa ba mugu ba ne.

Yanzu ga alkawuranki. Duka biyun ki mayar wa masu su, domin ba kayanki ba ne. Kiran ɓoye ba zai yi aiki ba. Likitar da kanta ta ce sai iyali sun yarda, kuma ba asibitin kirki da zai taɓa gawa a kan maganar yarinya mai raɗa daga banɗaki alhali manya suna kuka a falo. Ko da zai yi, gidanku ba zai warke daga wannan ba. Goge lambar ma aikin banza ne, kin fi ni sanin cewa tsohon nan ya haddace ta tun kafin ku fito daga ofishin likita.

Ga abin da za ki yi, kuma bai fi ƙarfin mai kunya ba. Ki sami Baba Agba shi kaɗai, ki durƙusa, ki ce masa kin amsa ne don girmansa amma ba za ki iya kira a ɓoye ba. Ki ce masa kin sami Mama tana kuka, tsoronta na gaske ne. Ba sai kin buɗe sirrinta ba, wannan nata ne. Ki roƙe shi abu biyu: ya daina gaishe da cikin, kuma ya ɗage taron dangi sai bayan suna. Shi ya kira taron, shi kaɗai zai iya ɗage shi, kuma ba wanda zai ce ya ji kunya. Sannan ki koma wurin Mama ki ce mata ba za ki iya lallashin tsoho ya saki abin da yake yi don matarsa ba, amma kin roƙa mata lafiya har ta sauka. Magana kaɗan ce kowanne. In murya ta ɓace, ki jira ta dawo, ba malamin da zai wuce zuwa ɗaliba ta gaba.

Mutumin da wasiƙarki ta fi buƙata shi ne wanda ya fi kowa ɓuya a cikinta. Baban Abeke, in an ajiye maka jaridar nan a kan injin buga kati, da kai nake. Mahaifinka ne, matarka ce, 'yarka ce aka ɗora wa kayan da kai ya kamata ka ɗauka. Ba a ce wa mutum biyu gaskiyarku a kan abu ɗaya a gudu. Ka zauna da Baba yanzu, ba sai bayan suna ba, ka gaya masa ƙarara abin da za ka yi ranar da ta zo, domin rai ba ya jiran taron dangi. Ka zauna da matarka ka ji tsoronta har ƙarshe ba tare da ka tuna da inji ba. Lambar asibitin nan a wayarka ya kamata ta kasance.

Bayan an yi suna, hankali ya kwanta, sai ku ɗunguma ku koma wurin likitar, har da gwaggon Abeokuta. Kowa ya yi tambayarsa da bakinsa, har ta hular. Amsarta dai ita ce hula ba ta lotsawa, ta bayan kai ake aikin a rufe, mai kallo ba zai gane komai ba, amma gara ta ji daga mai farar riga. Wanda yake son jin ta bakin fasto ko limami, ya je ya ji, hakkinsa ne. Ba lallai mahaifiyarki ta so abin ba. Ya isa ta yarda cewa hukuncin na Baba Agba ne da 'ya'yansa. Kuma in Allah ya yi ikonsa kafin a daidaita, kyautar ta kuɓuce, ki sani ba laifinki ba ne ko kaɗan.

Tabaran mahaifinki kuma kada ya hana ki karatu. Ni ma na nemi nawa haka a makon nan. Mantuwar da ake tsoro ita ce wadda take ƙaruwa har ta hana mutum harkarsa, kuma ba dole ba ne ɗa ya gaji ciwon uwarsa. In kun ga abin da ya wuce haka, asibiti yana nan. Maganar gishiri da acaɓa kuwa, a bar wa Mama dokarta, a nan ita ce da gaskiya.

Allah ya sauki mahaifiyarki lafiya. Ya sa kakanki ya karɓi yaron nan a hannunsa, ya raɗa masa suna da bakinsa, su zauna su biyu a ɗaki ɗaya kowa ya ga cewa mutum biyu ne. Ranar da kuma aka kira shi da gaske, bayan shekaru masu yawa, Allah ya sa babba ne a gidan zai ɗaga waya a gaban kowa, ke kuma a bar ki ki yi kukan kakanki kamar kowace jika.

Taki,
Anti Morayo